Darasi na 9: Kifin shak mai cin ciyawa

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kaduna yana gangarawa ya haɗu da Kogin Neja, daga nan sai Tekun Atlantika. A ɗaya gaɓar tekun, ta wajen Amurka, akwai wani ƙaramin kifin shak (irin kifin teku mai farauta) da ke zama a ruwa marar zurfi. Masana na kiransa Sphyrna tiburo. Dangin shak masu kan guduma ne, amma nasa kan ya fi kama da bakin shebur.

Ku auna santimita 90 a ƙasa da tef ɗin tela. Tsawon yawancinsu ke nan. Babban giwan ruwa ya fi shi.

Yanzu kowa ya taɓa kunnensa. Wannan guringuntsi da kuka ji, da irinsa aka gina jikin shak, ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa.

Kan nan mai faɗi kayan aiki ne. Idanuwansa na gefe da gefe. A ƙarƙashin kan akwai ƙananan ramuka masu jin ɗan lantarkin da jikin kowace dabba ke fitarwa. Kifin yana tafe yana kaɗa kai dama da hagu, kamar mai laluben allura a tabarma. Ko ƙaguwa ta binne kanta a yashi, sai ya tono ta. Haƙoransa na baya masu faɗi ne, da su yake murƙushe ɓawonta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ciyawa. An daɗe ana ganin ciyawar teku a cikinsa, ana zaton haɗiye ta yake yi garin kama ƙaguwa. A 2018, masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka nuna cewa yana narkar da ita, jikinsa na amfana. Shi ne shak na farko da aka tabbatar yana haɗa nama da ganye.

Macen ba ta saka ƙwai kamar karfasa. Ciki take ɗauka na kusan wata 5, 'ya'yan na samun abinci ta cibiya, ta haife su da rai. Abin takaici, komar masunta na kwashe su da yawa, har adadinsu ya ragu ƙwarai.

Aiki: Rubuta kalmomin nan sau uku: guringuntsi, ƙaguwa, cibiya. Sannan ka tambayi masunci ko mai sayar da kifi a unguwarku abin da yake tararwa a cikin karfasa idan ya feɗe ta. Ka rubuto amsarsa.