Idan kun ji ƙaurin roba a mota

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya ji ƙaurin roba yana tuƙi, don Allah ya gangara gefe ya kashe mota, kar ya ce bari in ƙarasa gida.

Fara leƙa ƙarƙashin mota. Sau da yawa leda ce ta manne a salansa tana narkewa, ga titunanmu cike da ita. In salansa ta huce, ka kankare ta.

In ba ita ba ce, buɗe bonet ka dubi fanbel, wato bel ɗin robar da inji ke juyawa. Wanda ya saki yana zamewa, ya yi ƙara kamar kukan ɓera, musamman in an kunna AC. In ya tsattsage ko cikinsa yana sheƙi, canza shi kawai, don in ya tsinke a hanya batir zai daina caji, a motoci da yawa inji ma ya ɗau zafi. Duba kuma ko tiyo ya jingina da inji mai zafi.

Sai birki: ka tabbata ka sauke hambirki, sannan ka kusanta hannu da kowace taya ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ya kama.

In kuwa wayar wutar mota ce ke hayaƙi, cire kan batir nan take, ka kira mai gyaran wutar mota.