Yadda malami zai jagoranci ɗalibai wajen nazarin yaron talaka a ƙagaggen labari

Malamin adabi da yake koyarwa a sakandaren karkara, a ƙauyukan Ringim ko Gumel ko Bichi, yana da wata dama da takwaransa na birni ba kasafai yake samu ba, domin ɗalibansa sun san kiwo da noma da talla, kuma da wuya a sami wanda ba shi da ɗan'uwa ko aboki da bai taɓa zama a aji ba. Saboda haka idan aka zo kan littafin Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Ingila a 1884, sannan a Amurka a 1885, kada a fara da jin tausayin yaron. A fara da tambayar wane ne yake ba da labarin.

Huck ne da bakinsa, wato Huckleberry Finn, yaron talakan da littafin yake ɗauke da sunansa, cikin Turancin mutanen karkara wanda bai bi ƙa'idar nahawu ba. Malam ya karanta shafi ɗaya a fili, ya hana ɗalibai farautar kurakurai, ya sa su rubuta abubuwan da yaron ya lura da su, kamar halin mahaifinsa mashayi da yake dukansa yana hana shi makaranta don kada ɗan ya fi uban, da yadda yake gane maƙaryaci tun kafin ya rufe baki. Ta haka za su ga cewa marubucin ya raba rashin karatu da rashin hankali.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne na wasiƙa. Huck ya bi kogin Misisifi tare da Jim, bawan da ya gudu daga uwargijiyarsa, alhali manyan garinsu sun cusa masa cewa taimakon bawa ya tsere babban zunubi ne. Ya rubuta wasiƙar da za ta tona inda Jim yake, sai ya tuna alherin da mutumin ya yi masa a hanya, ya yayyaga ta, yana mai yaƙinin cewa ya jefa kansa wuta ke nan. A tambayi ɗalibai: tsakanin yaron da masu ilimin da suka tarbiyyantar da shi, wa ya fi kusa da gaskiya? Malam ya daure ya bar su su yi muhawara, kada ya riga su bayar da amsa.

Idan lokaci ya samu, a kwatanta shi da Oliver Twist na Charles Dickens, wanda aka buga kashi-kashi daga 1837 zuwa 1839. Oliver ya tashi a gidan gajiyayyu, amma maganarsa tsaf take kamar ta 'ya'yan masu hali, kuma daga ƙarshe aka gano mahaifinsa mai dukiya ne. A ganina wannan rauni ne, domin yana nuna kamar kirkin yaron gado ne daga manyan gida.

Akwai abubuwa biyu da dole a kiyaye. Littafin Twain yana maimaita kalmar cin mutuncin baƙar fata, don haka a yi bayanin zamanin bauta tun kafin a buɗe shi. Sannan kada malam ya taɓa nuna wani ɗalibi a aji a matsayin misalin talauci, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ce.