Kafin a Ɗauke Baba Ko Hajiya Daga Gidansu: Yadda Ake Zaɓa wa Tsoho Mazauni a Kano

A Amurka da Ingila akwai rukunin gidaje da ake ginawa musamman don waɗanda suka yi ritaya. Mutum ya biya kuɗinsa, ya samu ɗaki, da nas a kusa, da mai girki. A Kano abin ba haka yake ba. Gidan gajiyayyu na waɗanda ba su da kowa ne, kuma wanda ya kai mahaifinsa can zai sha bakin dangi har ya mutu. Zaɓin da ke gaban yawancin iyalai uku ne: a bar tsoho a gidansa a gyara masa, ko ya koma wajen ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ko a kama masa wuri kusa da su.

A fara da tambayar mai abin. Sau da yawa 'ya'ya ne ke zama su yanke shawara, sai dai tsoho ya ga mota ta zo kwasar kaya. Ɗa ya gina gida a Rijiyar Zaki ko Hotoro, ya ce, "Baba, ka dawo nan ka huta." Amma Baba ya shekara hamsin a sahun gaba na masallacin unguwarsu a Yakasai, bayan La'asar yana da majalisa a ƙofar gida, suna da jana'iza ba sa wuce shi. A sabuwar unguwa kuwa katanga ce doguwa da get a kulle, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Ba a daɗewa sai ka ji an ce ya rage cin abinci, ya daina hira. Wanda gigin tsufa ya fara taɓawa ya fi shan wuya, domin sauya masa wuri yana ƙara rikita shi, ya tashi da dare yana laluben ƙofar da ya saba. In dai tsohon gidan zai gyaru, gyaran ya fi ƙaura.

Ko wane gida aka zaɓa, banɗaki za a fara dubawa, ba falo ba. Can tsofaffi kan yawan faɗuwa, kuma karayar ƙugu kan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. Masan tsuguno ba na mai ciwon gwiwa ba ne. A sa na zama, tsayinsa santimita 45 zuwa 48 daga ƙasa, a kafa ƙarfen riƙewa a bango a tsayin santimita 85 zuwa 90. A binne shi da siminti ko a ɗaure da ƙusoshi masu shiga bulo sosai, don na manne yakan ɓalle ranar da aka dogara da shi. Tayil mai sheƙi a cire shi, a sa mai kaushi, ko a shimfiɗa tabarmar roba. A ajiye kujerar roba mai ƙarfi ta wanka da alwala. Ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, domin in ya faɗi a bayanta ba za a iya turo ta ba, kuma sakatar ciki ba ta da amfani a nan.

Ɗaki ya zama a ƙasa, ba a bene ba, kusa da banɗaki, da fitila mai kwana a kunne a tsakaninsu. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 80, saboda wata rana keken guragu zai iya shiga. Dokin ƙofa a fasa shi. In akwai dandamali, a yi masa gangare: kowane santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na tsawo, wato dandamali mai santimita 30 sai gangaren mita 3.6. Magina sukan gajarta shi don tsimin siminti, sai ya zama keke ba ya hawuwa, saukowa kuma haɗari.

Sai hanya. Lungunan cikin birni suna da daɗin zama da mutane, amma akwai wanda ko adaidaita sahu ba ta shiga, sai an ɗauko mara lafiya a hannu zuwa bakin titi. A auna tafiyar da agogo, ba da ido ba, sau ɗaya da tsakar dare, sau ɗaya lokacin cunkoson safe: minti nawa ne zuwa Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na Nassarawa? Mai hawan jini da ciwon suga, wanda shanyewar ɓarin jiki ka iya kamawa ba sallama, kowane minti yana da daraja a wajensa. Mai matsalar ƙashi da gaɓoɓi kuwa kusanci da Asibitin Ƙashi na Dala zai rage masa jigila. In da hali a je duba gidan a watan Agusta, a ga ko kwata tana ambaliya, ko ginin ƙasa ya fara tsagewa.

Zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Ɗaki mai taga biyu masu fuskantar juna, da silin, da fanka mai aiki da sola, ya fi na'urar sanyaya ɗaki da ke jiran a kawo wuta. Mai allurar insulin yana buƙatar firij ko tulun sanyi.

Wa zai kula da shi? Nan ne ake yawan yaudarar kai. A ce "matar wane za ta duba shi", alhali tana da goyo da girkin gida, kuma ba a ma tambaye ta ba. In za a ɗauki mai jinya, namiji ga namiji, mace ga mace, da wanda zai tsaya masa, a san gidansu. A rubuta aikinsa, da albashinsa, da ranar hutunsa da wanda zai canje shi. Wanda ke kwance a riƙa juya shi duk awa biyu, ana duba ƙugu da kwankwaso da diddige kullum. Fata ta canza launi ko ta yi zafi, gyambon kwanciya ne ke tahowa. Magani a zuba shi a akwati mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, mutum ɗaya ke da alhakinsa, in ba haka ba wannan ya ba shi, wancan ma ya ba shi. Masu zuwa dubiya da sassaƙe da jiƙo, a gode musu, a ajiye sai likita ya gani.

Kuɗi kuma a yi maganarsa a fili tun farko: nawa fansho yake kawowa, nawa magani da abinci da mai jinya suke ci a wata, wa zai cike ragowar. A leƙa ofishin KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, a tambayi tsarin da ya dace da shi. Katin banki in zai zauna a hannun ɗa ɗaya, a buɗe littafin shiga da fita da kowa zai iya gani.

In ƙaurar ta zama dole, a gwada ta wata guda tukuna, a tafi da gadonsa da rediyonsa da dardumarsa. Kada a sayar da tsohon gidan ko a sa 'yan haya sai gwajin ya yi kyau, kuma da yardarsa. Ɗan da ya kashe kuɗinsa ya yi gini a gidan uba, a rubuta a gaban shaidu biyu da mai unguwa ko kyauta ce ko bashi, kowa ya riƙe kwafi, domin ranar rabon gado wannan ɗakin zai shiga lissafi.