Yadda zaka bi da ciwon hanta, daga takardar gwaji har rumbun gyada

Yawancin masu ciwon hanta a ƙauyukanmu basa sanin suna ɗauke da shi sai ranar da aka ce su bada jini a asibiti, ko kuma aka zo gwajin aure, musamman yanzu da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 wadda ta haɗa da ciwon hanta nau'in B da C. Sai kaga an miƙo wa mutum takarda, wani ya ruga wajen mai jiƙo a ranar, wani kuma ya ninke ta ya cusa a aljihu yace ai ni garau nake jina. Dukkansu sun bar hanya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da nau'in B, kusan mutum ɗaya cikin 12 kenan, C kuma kashi 1.1. Toh kaga ba abin ɓoyo bane, kuma akwai yadda ake bi da shi.

Ka fara da gane abinda ke faruwa acikin cikinka, dan in ka gane shi babu mai tallan magani da zai yi maka wayo. Hanta tana da juriya sosai, ko an yanke wani sashe nata tana sake tofowa, abinda ke kayar da ita shine tabo. Acikin hanta akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, suna zaune shiru aikinsu ajiye bitamin A. In aka daɗe ana ji wa hanta rauni, garkuwar jiki na sakin wani sinadari da ake kira TGF-beta, shi ke tada waɗannan ƙwayoyin, sai su watsar da bitamin ɗin su koma zuba kolajin, wato zaren da ke yin tabo. Shekara goma, ashirin, ana yi a hankali mutum na nomansa yana cin tuwonsa bai ji komai ba, har hantar ta taurare ta ƙanƙance. Daga nan jinin da ke tasowa daga hanji sai ya rasa hanyar wucewa ya koma baya, saifa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙoshi su cika su fashe mutum ya kama aman jini, a gida kuma ace sammu ne. Wallahi wannan yana min ciwo, saboda tabon in bai yi nisa ba yana iya raguwa idan aka cire abinda ke kawo raunin. Har yau babu maganin da aka amince da shi wanda zai narkar da tabon hantar da ta riga ta ƙanƙance, masana na nan suna ta neman yadda zasu kwantar da ƙwayoyin tauraron nan, dan haka aikinmu yanzu shine tsayar da raunin tun da wuri.

In an ce kana da B, ka duba takardar, zaka ga an rubuta HBsAg. Gwajin nan na ɗan yatsa, a ɗiga jini akan 'yar sanda a jira 'yan mintoci, layi biyu ya fito, abinda ya faɗa kawai shine ƙwayar cutar B na jikinka. Bai faɗi halin da hantar ke ciki ba. Kar ka sayi magani daga nan. Ka nemi babban asibiti, mutanen Jigawa ga Rasheed Shekoni a Dutse ga na tarayya a Birnin Kudu, mutanen Kano ga Murtala ga Malam Aminu Kano, kace a duba maka ALT da AST, da ƙwayoyin daskarar da jini wato falatilet, da HIV, da C, a yi sikanin ciki, in aljihu zai ɗauka a auna yawan ƙwayar a jini. ALT wani inzayim ne, wato sinadari, da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta, in suna fashewa sai ya zubo cikin jini, shi yasa hawansa ke nuna ana ɓarna, AST ma irinsa ne. Daga AST da falatilet likita zai yi wani lissafi mai suna APRI da ke nuna ko tabo ya fara, mai sauƙin kuɗi ne. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, in APRI ya haura 0.5, ko yawan ƙwayar ya wuce 2,000 kuma ALT ya hau, ko a danginku an taɓa yin dajin hanta, to ana fara magani. Wasu kuma ba'a basu komai sai dai a riƙa bibiya, kar kace likita ya yi maka rowa.

Ga dalilin da yasa maganin B baya ƙarewa. Ƙwayar tana shiga hanta ne ta wani furotin mai suna NTCP, wanda asalin aikinsa shigar da gishirin ɗaci na matsarmama, masana a Beijin ne suka gano haka a 2012. Da ta shiga sai ta wuce can tsakiyar ƙwayar hantar ta naɗe DNA ɗinta, wato zaren bayanan halittarta, ya zama zobe, ana ce masa cccDNA, daga shi ake ta buga sabbin ƙwayoyi. Tenofovir da entecavir, magungunan da ake bayarwa, suna toshe inzayim ɗin da ke kwafar ƙwayar ne, sai yawanta ya faɗi ƙasa har gwaji ya kasa gani, kumburi ya lafa, amma zoben yana nan daram. Duk wanda ya yi noman rani ya san aya-aya, ka nome ta tas gona ta yi fes amma ƙwallon na ƙasa, ka ɗaga fartanya sati biyu ta dawo. Haka ne. Kuma dawowar tafi haɗari, dan ita ƙwayar ba ita ke fasa hanta da kanta ba, garkuwar jikinka ce ke kashe ƙwayoyin hantar da suka kamu, to in ka bar magani ƙwayar ta yunƙuro garkuwa ta far mata gaba ɗaya, hanta na iya tsayawa cikin 'yan makonni. Dan Allah in ka fara, ƙwaya ɗaya kullum, kar ka bari dan ka ji sauƙi, kar ka bari dan kaka bata zo ba, ka tanadi na wata mai zuwa tun wannan bai ƙare ba. Da azumi ka tambayi likita ya mayar maka lokacin sha zuwa dare. A riƙa duba ƙoda in kana kan tenofovir, kuma dole a san matsayin HIV kafin a fara, saboda shan shi shi kaɗai ga mai HIV na sa waccan ƙwayar ta bijire wa magani.

Ana nan ana aiki akan sabbin wuraren da za'a kama ƙwayar. Bulevirtide yana toshe ita NTCP ɗin, Turai ta amince da shi a 2020 amma dan nau'in D, wanda baya rayuwa sai a jikin mai B. Akwai bepirovirsen da aka ƙera dan ya lalata saƙon da zoben ke aikawa, akwai masu neman hanyar kashe zoben kansa. Toh in manyan ɗakunan bincike na duniya suna kan wannan fafutuka, mai lasifika a kasuwar ƙauye da yace jarka ɗaya zata wanke maka B cikin sati biyu kuɗinka kawai yake so.

C kuwa ana warkewa sarai. Ita bata shiga tsakiyar ƙwayar hanta bare ta ajiye zobe, in aka hana ta kwafar kanta sai ta ƙare. Sofosbuvir na toshe furotin ɗinta NS5B, daclatasvir na toshe NS5A, a haɗa su sati 12, sama da kashi 95 cikin 100 na rabuwa da ita. Da irin wannan Masar ta yi gangamin gwada miliyoyin mutane daga 2018. Sai dai gwajin ɗan yatsa na C yana nuna ka taɓa haɗuwa da ita ne kawai, a tabbatar tana nan da gwajin yawan ƙwaya kafin ka kashe kuɗi. Bata da rigakafi, ana iya sake kamuwa.

Sai gida. Maigida, in an same ka da B ka kai iyalinka da yara da 'yan uwan da kuke ciki ɗaya a gwada su, wanda baya da ita a yi masa allurar rigakafi uku, yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ba sai an fasa aure ba, wanda baya da ita ya yi rigakafi. Kuma a daina ware wa mutum kwano, ba'a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa ko zufa, ta jini ne da saduwar aure da haihuwa. Haihuwar nan ita ce babba. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa kusan kashi 90 cikin 100 zai zauna da ita har girma, babba kuwa in ya kamu ƙasa da kashi 5 ne take zame wa ta dindindin. Allurar farko cikin awa 24 ake so, mu kuma a nan ana haihuwa a ɗaki a hannun ungozoma a jira sai bayan suna. Kar a jira. Maijego ta zauna ta huta, kaka ko gwaggo ta naɗe jariri a kai shi asibitin sha-ka-tafi a ranar, sannan a cika na sati 6 da 10 da 14. Uwargida, ki nemi a gwada ki a wajen awo, in ƙwayar tayi yawa ana bada tenofovir kafin haihuwa, kuma ki shayar da abinki babu komai. Wanzami kuma, askin suna ne ko kaciya ko ƙaho ko cire beli, ka saya masa sabuwar reza da kanka, haka mai yankan farce, dan ƙwayar na iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini.

Yanzu ga inda nafi so manoma su tsaya, dan wannan a hannunmu yake ba'a hannun likita ba. Fumfunar da ke kama gyada da masara in sun sha danshi tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960 da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyada, a Kenya kuma a 2004 masara mai ita ta kashe mutum 125. Amma ta wajenmu a hankali take ɓarna. In ta isa hanta, inzayim ɗin da ke sarrafa guba su ne ke juya ta ta koma wani abu mai manne wa DNA, kuma ta kan ɓata wani sashe na DNA ɗin mai suna p53, shi kuwa p53 shine ke tsayar da ƙwayar da ta lalace kar ta yi ta rabuwa. Ita ma B tana cusa guntun DNA ɗinta cikin namu. In suka haɗu a hanta ɗaya haɗarin daji na ninkuwa sosai, shi yasa kake ganin magidanci ɗan shekara talatin da wani abu da dajin hanta.

Toh ya za'a yi? Ka cire gyada da ta nuna, kar ka bar ta jibge a gona raɓa na sauka. Shanya akan tamfol ko tabarma, banda ƙasa tsirara, har sai ka girgiza kwanso kaji tana kaɗawa, ka gatsa kaji ƙaras. Masara ma haka. Buhu ya hau kan katako, kar ya jingina da bango, rumbu in yana yoyo a gyara kafin a zuba, buhun nan mai leda biyu a ciki yana taimakawa amma sai hatsin ya bushe sarai. Bayan an ɓare a zuba a faifai a zauna a tsince, duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi ko kore-kore, ta fashe, ƙwaro ya huda, ko mai ɗacin nan da kake tofarwa, a fitar. Abinda ke ƙona min rai shine mai kyau ta tafi Dawanau, tsintacciyar a sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli ko a daka a miya yara su sha. Suya bata kashe gubar, dahuwa bata kashe ta, kuma a tunkuza tafi zama. Kar a ba shanu ko awaki masu tatsa dan tana fitowa a nono, a binne kawai. Mai hali ya nemi Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan, ana watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin fure, fumfuna ce marar guba da ke cinye wa mai gubar wuri.

A kula da farasitamol. Hanta na juya kaɗan daga cikinsa ya zama guba mai suna NAPQI, wani sinadari gulutatayon ke kwashe ta, in aka sha da yawa sai ya ƙare gubar ta kama cin hanta. Babba mai lafiya kar ya wuce ƙwaya 8 na 500 a yini, mai ciwon hanta ƙasa da haka sai yadda likita yace, kuma maganin mura da haɗin gajiya na kemis yawanci akwai shi a ciki, kana iya ninkawa baka sani ba. Mai tabon hanta ya nisanci diclofenac da ibuprofen. Jiƙon shawara da baka san me ke ciki ba, hantar ce dai zata tace shi. Giya kam babu ita sam.

Masu shiga ruwa a Kadawa da Kura da fadamun Haɗeja, akwai 'yar uwar tsargiya da ƙwanta ke maƙalewa a jijiyoyin hanta ya yi tabo, in an zo rabon praziquantel, maganin tsargiya, a karɓa a sha. Masu ƙiba da ciwon suga kuma kitse na taruwa a hanta, a 2024 Amurka ta amince da resmetirom dan wannan, amma rage lemon kwalba da rage teɓa sun fi kusa da mu.

Wanda ke da tabo, ko likita yace yana cikin haɗarin daji, ya yi sikanin duk wata shida, ka ɗaura shi da wani abu da baka mantawa, misali ɗaya bayan girbi ɗaya kafin shuka. In kuma aka ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko ido ya yi ɗorawa, ko ciki da ƙafa na kumbura, ko mutum ya fara ruɗewa yana barcin rana yana surutai, a nemi mota a lokacin ko tsakar dare ne, a tafi babban asibiti da takardun gwajinsa da kwalin duk maganin da yake sha, har da jarkar jiƙon, da 'yan uwa biyu da zasu iya bada jini.