Yadda za ka auna ruwan da injin ban ruwa ke turowa kafin ka kwance shi

Ƴan uwa masu garka a Mirriya da Gidimuni, abin da ke ƙona min rai, da ruwa ya rage sai yaro ya hau kwance karbirata, wato inda mai ke gauraya da iska, alhali ko lita nawa injin ke ba shi bai sani ba. A auna tukuna don Allah.

Samo tano mai lita 200, ka ta da inji ya ɗan yi zafi, ka zura tiyo ciki kana duban agogon salula. Raba 200 da sakan ɗin da ya ɗauka ka ninka da 60. In ya cika a sakan 40, lita 300 ke nan a minti. A ƙarshen tiyo za ka auna, inda ruwa ke faɗawa fangali, ba gindin inji ba, don tsawon tiyo da kowace lanƙwasa rage ruwa suke. Kusan lita 600 a minti da ake rubutawa jikin inji mai bakin inci 2, wannan in ba hawa ba nisa ne.

In ruwan ya yi kaɗan, tiyon zuƙowa za ka fara dubawa, nan ni na sha wuya, sati biyu ina zargin inji har na sayi buji sabo na zubar da kuɗina a banza ashe wata ƴar tsaga ce kusa da maɗauri take shan iska. Fanfo, wato sashen injin da ke zuƙo ruwa, ba ya jan iska. Cika cikinsa da ruwa dam kafin ka ja igiya, ka ɗaure mahaɗa da robar tayar keke, ni ita na yarda da ita kuma kusan kyauta ce. Sannan daga inji zuwa saman ruwa kada ya wuce mita 7, nauyin iska ne ke tura ruwan sama kuma ko a lissafi bai wuce mita 10 da ɗoriya. Rijiya ta ja baya da rani? Sauko da injin cikin rami.

Sai yanzu ka saurari inji. Iska da mai yake shaƙa, ya matse su, su kama wuta, ya fitar da hayaƙi, kuma a nauyi iska kusan kashi 15 yake so ga kashi 1 na mai. In ka ga baƙin hayaƙi, iska ce ta yi kaɗan, ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, wanke sosonta. Canza baƙin mai, ka sake aunawa da tanon nan.