Katako na motsi, ƙarfe na ja: kurakuran masu ƙere-ƙere a gida

Yawancin abin da mutum ya haɗa da hannunsa a gareji, tebur ne ko kanta ko ƙofar ƙarfe, ranar da aka gama shi ya fi kyau. A ɗauki hoto, a nuna wa abokai, a sha yabo. Bayan wata shida saman teburin ya tsage, ƙofar ta ƙi rufuwa sai an ɗaga ta. Ba kasafai laifin yake ga kayan aiki ba. Mai aikin ne ya ɗauka katako da ƙarfe suna zama yadda aka ajiye su, alhali ɗaya danshi ke juya shi, ɗayan kuma zafi.

Mu fara da katako. Ko shekara nawa ya yi da sarewa, yana shan danshin iska yana kumbura, iska ta bushe ya tsuke. Kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Saman tebur mai faɗin santimita 90 na iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimita guda tsakanin damina da rani. Sai ka ga mutum ya shafa gam ya manne saman nan a jikin firam, ya bi shi da sukuru ko'ina, wai don ya yi ƙarfi. Katakon zai nemi tsukewa, ba hanya, sai ya tsage daga tsakiya. Gyaran ba wuya: kada gam ya shiga tsakanin saman da firam, ramukan sukuru na gefe kuma a tsawaita su ta ɓangaren faɗi, yadda sukurun zai iya zamewa kaɗan. Filawud bai da wannan matsala sosai, domin an gicciya jijiyar kowane falle a kan na ƙasansa.

Kafin ma a kai nan, akwai ɗanyen katako. Idan a iska za a busar da shi, abin da aka saba ƙiyastawa shi ne shekara guda ga kowane inci na kauri, a jere shi da ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Wanda ba zai iya jira ba ya nemi na'urar auna danshi. Kayan cikin ɗaki ana so danshinsu ya sauka ƙasa da kashi 12 cikin 100. Ko busasshe ka samo, bar shi ya yi mako ɗaya ko biyu a inda za ka yi aikin kafin zarto ya taɓa shi.

Wajen yanka, kuskuren da ke cin sabon hannu shi ne mantawa cewa bakin zarto ma yana da kauri. Na inji yana cinye kusan milimita 3 a kowane yanka. Idan ka ja layuka huɗu a jere a kan katako ɗaya ka bi tsakiyarsu, ƙafafun teburinka ba za su zo daidai ba. Auna ɗaya, yanke a bayan layin ta ɓangaren da za a zubar, sannan ka auna na gaba. In kuma guda huɗun tsawonsu ɗaya, kafa wani guntun katako ya zama iyaka, kowanne ya tokare da shi.

Gam da sukuru ba sa son dogon bayani. Gam ba ya riƙe kan katako sosai, wato inda aka yanke jijiya, domin wurin tsotse shi yake yi. Haɗin kusurwa yana bukatar tsaga da harshe, wato a feƙe bakin ɗaya ya shiga ramin ɗayan, ko turaku, wato ƙananan sandunan katako da ake cusawa cikin ramuka a guntayen biyu. Sukuru kusa da baki sai an fara huda masa ƙaramin rami, in ba haka ba ya fasa katakon. Gam ɗin da ya tsiyayo a kankare shi tas, don duk inda ya bushe launi ba zai kama ba, tabon kuma sai bayan ka shafa zai fito. Sanfefa kuwa bi da bi ake yi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 180, ana bin jijiya. Tsallake daga 80 zuwa 220 ba ya goge karcen farko, sheƙi kawai yake sa masa.

A ƙarfe, zafi ne ke yin abin da danshi ke yi wa katako, sai dai shi nan take. Walda tana tsukewa idan ta huce, sai ta ja ƙarfen zuwa ɓangaren da aka yi ta. Shi ya sa wanda ya kama kusurwa ɗaya ya cike ta da walda, sannan ya koma ta biyu, yake tarar da firam ɗinsa ya karkace kafin ya kai ta huɗu. Abin yi shi ne a matse guntayen a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a ɗiga walda kaɗan a kowace kusurwa, sannan a tsaya a auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta gicciye, a auna ɗaya gicciyen. In awon biyu sun zo ɗaya, firam ya miƙe. In sun bambanta, yanzu ne guduma za ta iya gyarawa. Daga nan a riƙa yin gajerun walda ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana barin ƙarfen ya huce.

Sai tsafta, wadda mutane ke rainawa. Tsatsa, fenti da maiƙo su ke sa walda ta yi ƙananan ramuka a ciki. A gurje wurin har farin ƙarfe ya fito, har da inda za a maƙala wayar da ke mayar da wuta. Ƙarfin wuta ma yana da ma'auni: sandar walda samfurin 6013 mai kaurin milimita 2.5 tana aiki ne a wajen amfiya 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma wajen 90 zuwa 130. Wuta ta yi kaɗan, sandar ta riƙa maƙalewa, waldar ta hau sama ba ta narke da ƙarfen ba. Ta yi yawa, siririn bututu ya huje. Gwada a kan guntun da ya rage, ka ɓalle ɓawon da ya rufe waldar ka duba, sannan ka sa shi a matsi ka doke shi. Idan ta ɓare a daidai layin haɗin, ba ta shiga ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waldar da aka gurje ta yi sumul aka rufe da fenti, alhali kaurin da ke riƙe da haɗin ne aka gurje. Kyan ɗan maciji ke nan, musamman in abin zai ɗauki nauyi ko mutum zai hau kai. Ƙarfe mai kauri, in kana son haɗinsa ya shafe, fara feƙe bakunan biyu su yi kwari, walda ta cika kwarin, sannan a gurje abin da ya hau sama.

Wasu kurakuran kuma ba a aikin suke tsayawa ba. Cire murfin injin gurza don faifai babba ya shiga ganganci ne: faifan milimita 230 an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti, ƙaramin inji kuwa yana wuce 10,000. Siririn faifan yanka ba a gurza da gefensa, tarwatsewa yake. Ƙarfe mai rufin zinki, irin bututun ruwa, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki, don haka a gurje rufin kuma a yi aikin inda iska ke wucewa. Hasken walda ba ya nuna ɓarnarsa sai bayan awoyi, idon ya yi kamar an zuba yashi. Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai, ko ya bushe, tururin ciki na iya fashewa. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kuma, wato man da ake shafa wa katako, in an dunƙule shi aka jefar, yana iya kama wuta da kansa. A baza shi ya bushe ko a jiƙa shi a ruwa.

In ka zo nuna wa wasu aikinka, hoton gaba bayan fenti ba ya koya wa kowa komai. Juya teburin a ga yadda saman ya haɗu da firam, nuna waldar kafin a gurje ta, faɗi irin katakon, kaurin ƙarfen, sandar da ka yi amfani da ita da wutar da ka sa. Wanda ya fi ka sani zai hango inda zai tsage tun bai tsage ba, wanda ke bayanka kuma ya samu awon da zai fara da shi.