Yadda Ake Amfani da Na'urorin Zamani wajen Tafiyar da Ƙaramar Tashar Sola ba tare da Yawan Ɗauke Wuta ba

Duk wanda ya taɓa kula da tashar sola mai ba kasuwa ko gari wuta ya san cewa lokacin da ya fi wuya shi ne daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare. A daidai lokacin da rana ta faɗi, farantai suka daina ba da komai, a lokacin ne ake kunna fitilu da fankoki da talabijin, gidajen kallo su cika, nauyin gari gaba ɗaya ya koma kan batir. Wannan bayani domin masu kula da irin waɗannan ƙananan tashoshi ne, wato masu farantan sola da batura da janareta na ko-ta-kwana da layin da ke rarraba wuta zuwa gidaje da shaguna. A Najeriya, ƙa'idojin da hukumar NERC mai tsara harkar wutar lantarki ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023 sun ba da damar kafa irinsu har zuwa megawat 1, kuma hukumar REA mai kula da wutar karkara ta tallafa an gina su da dama, ban da manya irin mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019.

Kafin a kai ga na'urori, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ba za a iya yi sai da su ba. A kowace daƙiƙa dole wutar da ake samarwa ta yi daidai da wadda ake sha. Ana gane haka daga bugun wutar, wanda a Najeriya da Nijar sau 50 ne a daƙiƙa: idan lodi ya rinjayi abin da ake samarwa bugun ya sauka, idan kuma wuta ta yi rara ya hau. A babban layin ƙasa, wanda ake sarrafawa daga cibiyar Osogbo, manyan injinan Kainji da Jebba da Shiroro ƙarfe ne mai nauyin gaske da ke juyawa, kuma wannan nauyin kan riƙe bugun na ɗan lokaci idan an sami tangarɗa. Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa, ga shi kuma hadari guda na iya rage fiye da rabin abin da yake bayarwa cikin ƙasa da minti ɗaya. Babu ma'aikacin da hannunsa ke da saurin da zai cike wannan giɓi, saboda haka aikin daƙiƙa na na'ura ne, aikin mutum kuwa shi ne tsara yini da mako da shekara.

Matakin farko shi ne awo, kuma a ganina a nan ne ya fi cancanta a kashe kuɗi. A sa mita a bakin farantai, da bakin batir, da bakin janareta, da kan kowane reshen layi da ya fita daga tashar. A ƙara da ƙaramar na'urar auna ƙarfin hasken rana, a kafa ta da karkata irin ta farantan, tare da wadda ke auna zafin jikin faranti da zafin ɗakin batura. Bayanan cikin tashar a riƙa ɗaukarsu kowane minti, na gidajen jama'a kuwa kowane minti 15 ya wadatar. Abubuwa uku ne ake yawan sakaci da su a nan. Na ɗaya, tun kafin a sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar farantai da batir irin wadda gidaje ke amfani da ita, a tabbatar tana iya miƙa bayananta ta hanyar da kowace manhaja ke karantawa, irin su Modbus, domin kada a wayi gari bayanan tashar suna kulle a hannun kamfanin da ya ƙera ta. Na biyu, agogon dukkan na'urori ya zama ɗaya, ana saita shi ta intanet ko ta tauraron ɗan'adam, domin ranar da wuta ta ɗauke, sanin abin da ya fara faɗuwa shi ne rabin gyara, kuma bambancin minti biyu tsakanin agogo da agogo ya isa ya sa a ɗora laifi kan batir alhali injin walda ne ya jawo. Na uku, kwamfutar da ke tashar ta riƙa ajiye bayanai a cikinta, ta tura su idan sabis ya dawo, tun da yake a ƙauyukanmu yankewar sabis ba baƙon abu ba ne.

Daga nan sai a tsayar da wace na'ura ce jagora. Inbata iri biyu ce: akwai wadda ke kafa bugu da ƙarfin wuta (wanda ake aunawa da bolt) da kanta, akwai kuma wadda sai ta tarar da wuta a layi sannan ta bi. A tashar da ba ta haɗe da layin ƙasa, inbatar batir ce ke jagoranci, ta farantai kuma tana bi. Idan batir ya cika da tsakar rana kuma lodi ya yi kaɗan, jagorar kan ɗaga bugun kaɗan sama da 50, masu bi su fahimci cewa ana so su rage abin da suke turowa. Wannan saiti ne da ake shigarwa da hannu, kuma kada a ɗauka cewa ya zo daidai daga masana'anta. A gwada shi ranar da aka ƙaddamar da tashar, a kashe reshe mafi nauyi da tsakar rana a ga yadda na'urorin za su yi, sannan a rubuta dukkan saitin a takarda a ajiye.

Hasashe shi ne inda na'ura ke buƙatar sanin ɗan gari. Game da rana, ana samun bayanan shekaru kyauta daga Global Solar Atlas na Bankin Duniya da kuma NASA POWER na hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, sai a haɗa da hasashen yau da gobe na hukumar NiMet mai kula da yanayi a Najeriya. Amma yanayinmu yana da halaye uku da ya wajaba a koya wa manhajar. Da hunturu hazo na tare hasken tun daga sama, ƙura kuma na kwanciya a kan farantai. Da bazara rana na da ƙarfi, sai dai zafi na cin wutar, domin ana auna ƙarfin faranti ne a digiri 25, kuma kowane digiri sama da haka na rage kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Farantin da ya kai digiri 60 a watan Afrilu ya yi asarar fiye da kashi 10 cikin 100 ke nan. A tsakiyar damina kuwa, musamman Agusta, ana iya jera kwanaki ana lumshi. Dangane da ƙura, ga dabara mai sauƙi: a riƙa goge na'urar auna haske kullum da safe, a bar manhaja tana kwatanta hasken da ya sauka da wutar da farantai suka bayar. Idan tazarar ta yi ta faɗaɗa kwana bayan kwana, ƙura ce, kuma ranar da kuɗin wutar da ake asara ya zarce kuɗin ruwa da ladan masu wanki, ranar ce ta wanki. A yi shi da sassafe ko da yamma lis, lokacin da gilashin ya huce.

Hasashen lodi ya fi wannan wuya, domin manhajar da aka rubuta a wata ƙasa ba ta san ranar kasuwar garinku ba. Sai an shigar mata da ita, tare da lokacin kaka da injinan niƙa da na casa ke aiki ba hutu, da daren da ake manyan wasannin ƙwallo. Azumi kuma sha'aninsa daban ne: buƙatar ƙanƙara da ruwan sanyi na hauhawa kafin shan ruwa, ana kunna fitilu da asuba saboda sahur, kuma watan na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka manhajar da ke kwatanta Maris ɗin bana da na bara za ta yi kuskure matuƙar ba a ba ta kalandar Hijira ba.

Da waɗannan hasashe biyu ne ake tsara batir da janareta. A ɗauki misalin tasha mai batirin lithium na kilowat-awa 200, wadda aka saita kada a sha fiye da kashi 80 cikin 100, wato 160. Idan lodin dare kilowat 30 ne na tsawon awa biyar, an sha 150 ke nan, saura 10 kacal ga sauran dare. Ma'ana, idan hasashe ya nuna cewa batir ba zai cika ba kafin la'asar, to a tayar da janareta tun da rana ya taimaka wajen cika shi, maimakon a jira ƙarfe tara na dare lokacin da batir ya kusa ƙarewa kuma lodi na kan ganiyarsa. Idan an tayar da shi kuma, a ba shi aiki sosai, domin janaretan dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa yana ɓarnar mai, yana kuma tara baƙi a cikinsa. Gara ya yi awa biyu da lodi mai kyau da ya kwana yana gurnani a banza. Masu tsofaffin batura na dalma su tsaya a rabi, kada su wuce. Sannan a sani cewa lissafin cikar batir da allo ke nunawa kan kauce a hankali, saboda haka a bar batir ya cika fal lokaci-lokaci yadda masu ƙera shi suka tsara, domin lissafin ya dawo daidai.

Ɓangaren jama'a shi ne inda nake ganin an fi samun riba da kuɗi kaɗan. Mita mai kati wadda ke magana da tashar tana ba da damar a sa farashi biyu, mai rahusa daga hantsi zuwa la'asar, mai ɗan tsada da dare. Mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara da mai famfon ban ruwa, idan suka ga ribar, da kansu za su mayar da aikinsu tsakar rana, lokacin da wuta ke rara. Ana kuma iya sa wa kowace mita iyakar lodi, a kuma jera rassan layi bisa muhimmanci, ta yadda idan batir ya yi ƙasa za a fara rage wa waɗanda za su iya haƙuri, a bar asibiti da famfon ruwan sha. Sai dai kada a yanke wannan hukunci a ofis. A zauna da mai gari da shugabannin kasuwa da wakilan mata masu sana'a a gida, a amince da jerin, a kuma riƙa tura saƙon waya tun da rana duk ranar da za a rage wuta, domin mai firji ya san abin da zai yi da kayansa. Manyan injina kuma kan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, wanda ya isa ya kashe inbata, don haka a sharɗanta musu na'urar da ke tayar da inji sannu a hankali kafin a haɗa su. Haka nan a riƙa kwatanta abin da mitar reshe ta nuna da jimillar mitocin da ke kansa. Idan tazarar ta yi tsalle a reshe ɗaya, to ko an yi haɗin sata ko wata waya na zafi.

Saƙonnin gargaɗi su zama kaɗan. Ma'aikacin da wayarsa ke ƙara sau ɗari a yini zai daina dubawa. Zafin batir da yoyon wuta da faɗuwar inbata su ne za su tashe shi daga barci, sauran su jira rahoton safe.

Tsaro ma ba abin wasa ba ne, domin duk na'urar da za a iya kashewa daga nesa, wani ma na iya kashe ta. A watan Disamba na 2015 masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta a Yukren suka yanke wa masu amfani fiye da 200,000 wuta, kuma abin da ya taimaka wajen dawo da ita shi ne ma'aikata sun je tashoshi sun mayar da makunnai da hannu. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita tun ranar farko, a bambanta wanda ke da izinin kallo da wanda ke da izinin canza saiti, a rufe asusun duk wanda ya bar aiki, kuma kada a haɗa kwamfutar sarrafawa da intanet ɗin da ake hira a kansa. Aƙalla mutum biyu a garin su iya tayar da tashar da hannu daga duhu, su kuma riƙa gwadawa.

Idan tashar tana haɗe da layin kamfanin rarraba wuta, kamar KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, akwai ƙarin aiki biyu. Dole na'urar kariya ta raba tashar da layin nan take idan kamfani ya ɗauke wuta, domin kada wutarku ta koma kan wayar da ma'aikaci ke gyara yana zaton a mace take. Idan wuta ta dawo kuma, kada a haɗe sai na'ura ta tabbatar bugu da ƙarfin ɓangarorin biyu sun daidaita, an kuma jira 'yan mintuna an ga wutar ta zauna. A sa ido kan ƙarfin wutar kamar yadda ake sa wa bugunta: a ranar 28 ga Afrilu, 2025 wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal, kuma rahoton gwamnatin Sifaniya ya danganta lamarin da hauhawar ƙarfin wuta da aka kasa shawo kanta a kan lokaci. A ƙaramar tasha, wannan na nufin a sa mita a ƙarshen reshe mafi tsawo, a riƙa duba ko tana nuna kusa da bolt 230 da tsakar rana da kuma bayan isha'i. Idan ta saba faɗuwa da dare, a fara da raba lodi daidai tsakanin wayoyin layin uku kafin a yi maganar sayen waya mai kauri.